Kunyar 'yar fari a garin da babu kaka: shekarata ta farko da zama uba a Greenbelt

Ni ɗan fari ne, kuma har yau da na haura shekara talatin ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kira mini yayanka." In daga ni sai shi, "kai" ta wadatar. Inna ma haka take. Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi a cikin birnin Zariya. Ba wanda ya ga aibun haka. Kunyar ɗan fari ce, kuma da ita ake gane wanda ya fito gidan mutunci.

Da wannan tarbiyyar na shiga ɗakin haihuwa a ƙarshen Oktoban 2023, a wani asibiti da ke jihar Maryland. Aikina jinya ne, na yi shekaru ina kula da manya marasa lafiya, jini ba ya ba ni tsoro. Amma da ungozomar ta miƙo mini almakashi ta ce in yanke cibiya, sai da hannuna ya yi rawa. Can kuma ta ce in buɗe riga in kwantar da jaririyar a ƙirjina don ta ji ɗumi. Na waiga hagu da dama kamar wani babba zai leƙo ya gan ni. Ba kowa, daga ni sai maiɗakina da ma'aikata. Na yi wa yarinyar kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, na raɗa mata sunan mahaifiyata. Shi ya sa muke kiran ta Ummi.

Yanzu Ummi ta cika shekara. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, saboda samarinmu da ke aure suna kawo iyali ƙasar nan, waɗanda za su tarar da abin da na tarar.

Shirin da ya rushe

A gida, haihuwar fari ba ta miji ba ce. Tun ciki na wata bakwai ko takwas mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Can za ta haihu, can za a yi mata wankan jego safe da yamma, a dama mata kunu, a gasa mata nama, a karɓi jariri don ta runtsa. Namiji aikinsa itace, rago, goro da kayan barka. Sai an yi arba'in, wani lokaci ma fiye, sannan a dawo masa da iyalinsa fes.

Mu ma shirinmu ke nan, sai dai maimakon ta tafi, surukata ce za ta zo. Mun tanadi kuɗin jirgi, mun sayi katifa. Biza ba ta samu ba. Abin da ya iso shi ne jaka guda ta hannun wani ɗan uwa: kanwa, yajin jego, kuka, daddawa da zannuwan goyo uku.

Kwana biyu da haihuwa aka sallame mu. Haka abin yake a nan: wata doka ta 1996 ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan awa 48 bayan haihuwa, ko awa 96 in tiyata aka yi, kuma yawanci da lokacin ya cika sai gida. Kafin mu fito sai da muka cike takardar shaidar haihuwa da sunan yarinya, tun ba a yi suna ba. Sai da kuma ma'aikaciya ta ga kujerar jarirai ta mota, wadda a Maryland dole ta fuskanci baya har yaro ya shekara biyu. Muka hau bene na uku a gidanmu na haya a Greenbelt, na rufe ƙofa, gida ya yi tsit. Ba guɗa, ba 'yan barka, ba hayaƙin ruwan wanka.

Rana ta takwas

Suna ya yi kyau daidai gwargwado. An yanka rago a Zariya, mu kuma muka tara mutane kaɗan a falo, aka yi addu'a, aka ci shinkafa. Tun a ranar maman Ummi take cewa kanta na ciwo. Na ce gajiyar baƙi ce, na ba ta maganin ciwon kai. Washegari ta ce tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta. Na dube ta da kyau, sai na ga fuskarta ta kumbura, zoben hannunta ya nutse.

Na ɗauko na'urar awon jini da nake ajiye da ita a gida. Na sama ya haura 160, na ƙasa ya haura 110. Na sake gwadawa, haka. Wallahi a lokacin sai da gwiwata ta yi sanyi, don na san abin da nake kallo. Hawan jinin masu ciki ne, wanda kan rikiɗe ya zama jijjiga, kuma ba ya ƙarewa da haihuwa. Yana iya tasowa har mako shida bayanta. Na karanta shi a aji, na amsa tambayarsa a jarrabawa, amma da ya shigo ɗakina sai na kira shi gajiya.

Aka kwantar da ita, aka ɗaura mata ruwan maganin magnesium na awa 24. Maganin kan kashe jiki, don haka aka ce jaririya za ta iya zama a ɗakin, amma da sharaɗin wani babba ya kula da ita. Wanin nan ni ne. Kwana biyu na yi a kan kujera: in canza famfas, in miƙa ta ta sha nono ina tallafe da ita, in ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa, in goge cibiya. Kunyar 'yar fari a wannan ɗakin ta ƙare mini, ba don na waye ba, sai don babu wanda zan miƙa wa.

Ina roƙon duk magidancin da ke karanta wannan ya riƙe alamomin nan: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki ta dama, ko numfashi sama-sama. Kada a jira gari ya waye. Hukumar CDC ta ce mata baƙar fata a Amurka sun fi farare fuskantar mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa har kusan ninki uku. Matanmu suna cikin wannan lissafin. A gida, tsohuwar da ke wa mai jego wanka ita ke fara lura da kumburi. A nan idon miji ne kaɗai.

Hutun da ba albashi

Da muka dawo gida sai lissafi ya taso. Dokar tarayya ta 1993, wadda ake kira FMLA, ta ba uwa ko uba damar hutun mako 12, amma ba albashi, kujerarka kawai za a ajiye maka. Ita ma sai in ka shekara a wurin aikin, ka yi aƙalla awa 1,250, kuma ma'aikatan wurin sun kai 50. Wanda ke aiki a cikin birnin Washington yana samun mako 12 da biya daga asusun birnin, ko da a Maryland yake kwana. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, irin maƙwabtanmu da ke cibiyar Goddard ta hukumar NASA a nan Greenbelt, su ma suna da mako 12 da albashi tun Oktoban 2020. Maryland ta zartar da tata dokar a 2022, amma an yi ta ɗage ranar fara biya. Ko a Najeriya, gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza da hutun kwana 14 a 2021.

Ni dai kwanakin hutun da na tara na haɗa, suka ba ni mako uku. Daga nan na koma aikin dare, bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, sau uku a mako. Shawarata ga mai jiran haihuwa: tun ciki na wata huɗu ka je ofishin ma'aikata ka tambayi haƙƙinka, ka fara tara kwanaki. Kuma kada ka ƙone su duka a makon suna. Wahalar tana gaba.

Ƙarfe uku na dare

A watan Disamba, Ummi na da mako shida, kukan dare ya fara. Rana na faɗuwa tun kafin biyar, sanyi ya hana fita, ita kuma daga magariba sai ta ɗauka, ba yunwa, ba zazzaɓi, ba jiƙa. Likitan yara ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau, kukan jarirai kan kai ƙololuwa a wannan lokacin, ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu. Sanin haka bai rage ƙarar ba.

Wani dare, bayan na yi aiki kwana uku a jere, na ce wa mamanta ta je ta kwanta. Na yi jijjiga, na yi zagaye, na yi waƙa, na yi karatu. Awa huɗu. Sai na ji wani abu ya taso mini daga ƙirji, haushi zalla, haushin jaririyar da ba ta kai kilo biyar ba. Hannuna ya ƙara matse ta. Na tsorata da kaina. A wurin aiki muna gaya wa iyaye cewa girgiza jariri da ƙarfi, ko na daƙiƙa kaɗan, na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. Muna cewa in ka ji ka kai maƙura, ka kwantar da shi rigingine a gadonsa, ka fita na 'yan mintuna. Ban taɓa zaton ni za a yi wa wannan wa'azin ba.

Na kwantar da ita, na ja ƙofa, na yi alwala. Agogo ya nuna uku na dare, wato tara na safe a Zariya. Na kira Inna ta WhatsApp.

"Lafiya, da tsakar daren nan?"

"Inna, takwararki ce. Ta ƙi yin shiru. Na rasa yadda zan yi."

Ta saurari kukan ta waya, sannan ta yi 'yar dariya. "Kai ma haka ka yi. Wata uku cur. Amma mu shida ne a kanka." Ta shiga lissafi: ita, kakata, gwaggona biyu, abokiyar zamanta, da wata yarinya da ake riƙo a gidan. "Ni in na ba ka nono sai a karɓe. Ban taɓa kwana da kukanka ni kaɗai ba. Ku kuwa ku biyu ne kuke aikin mutum shida. Ba gazawarka ba ce."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da Inna ta taɓa yi mini a kan kaina. A daren na fahimci cewa kunyar ɗan fari ba rashin so ba ne. Gata ne. Wanda ke da hannaye goma a bayansa shi ke iya kawar da kai daga ɗansa, don ya san ba zai faɗi ba. Mu da muka ƙetare teku mun zo da kunyar, amma mun baro hannayen. In namiji ya riƙe kunyar a nan, ba al'ada ya raya ba, matarsa ya bari ita kaɗai.

Daga baya na gaya wa likitana halin da nake ciki: rashin barci ko da na samu dama, saurin fushi, rashin jin daɗin komai. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2010 ya nuna kusan uba ɗaya cikin goma na fama da ciwon damuwa a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Mu ba ma faɗa, sai dai mu ce "gajiya ce". Na nemi a raba mini kwanakin aiki kada su zo a jere, muka kuma raba dare gida biyu, kowa ya samu barcin awa huɗu ba yankewa. Abin ya yi sauƙi.

Tsakanin Hajiya da likita

Wani aikin da ban san yana jirana ba shi ne zama tafinta tsakanin gida da asibiti. Surukata mace ce mai hikima, ta raini 'ya'ya takwas. Ba a ce mata "a'a" kai tsaye. Sai na koyi cewa, "To Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma likitanta ya ce a dakata tukuna."

Mun dakatar da abubuwa da dama. Zuma, wadda ake lasa wa jariri don albarka, ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jijiyoyi. Ruwa ma ba a ba shi kafin wata shida, nono ya ishe shi, sai ɗigon sinadarin bitamin D da likita kan rubuta. Kwanciya kuwa rigingine, a gadonsa shi kaɗai, ba filo ba bargo. A 1994 aka fara wannan gangamin a Amurka, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. Cire belu ban ma bari an kai ga tattauna shi ba. Kanwar da aka aiko kuwa tana nan a jakarta: mai hawan jini ba ta haɗa hanya da gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suna zargin kunun kanwa da zafin wanka da na gadon wuta.

Da haƙori ya fara fitowa a wata na bakwai, aka ce a nemo "maganin haƙori". Na tuna wa Hajiya abin da ya faru a 2008, lokacin da wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Ta yi shiru ta ce, "Na tuna." Abin da ya fi haɗari shi ne ɗora wa haƙori laifin kowane zazzaɓi da gudawa, a zauna a gida. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafin jikinsa ya kai 38, asibiti ake nufa ko da tsakar dare.

Amma kada a ɗauka kullum likita ke da gaskiya, gida ke da kuskure. Hutun kwana arba'in da ake ba mai jego, da a ce Amurka ta san shi, da an ceci mata da yawa. Tausar jariri da mai bayan wanka, shayarwa har shekara biyu, duk Hajiya ta riga littafi sani. Da Ummi ta kai wata shida likita ya ce a fara ba ta gyaɗa da wuri, don bincike ya nuna hakan na rage haɗarin jikin yaro ya ƙi ta daga baya. Na gaya wa Hajiya, ta ce, "Wato sai yanzu Bature ya gano kunun gyaɗa?"

Sai goyo. Cikin azumin 2024, maman Ummi na haɗa abin buɗa-baki, yarinya na rigima, na ce ta ɗora mini ita a baya. Ta dube ni ta ce, "Abban Ummi, da gaske kake?" Ta ɗaura mini zani, ta ƙara majanyi. Kafin a kira salla yarinya ta yi barci. Tun daga ranar ban daina ba.

Gayyar da muka haɗa

Greenbelt gari ne mai tarihi. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ce ta gina shi, aka fara tarewa a 1937, don iyalai masu ƙaramin ƙarfi. An yi hanyoyin ƙafa da ke bi ta ƙarƙashin titi don kada yara su tsallaka gaban mota. A farko fararen fata kaɗai aka yarda su zauna, yau kuwa ba irin mutanen da babu. Abin da ya rage daga wancan zamanin shi ne ɗabi'ar haɗa hannu: babban kantin da ke dandalin Roosevelt Center mallakar masu sayayya ne, jaridar garin ma, Greenbelt News Review, 'yan sa-kai ke fitar da ita tun 1937. Da na lura sai na ce, ai wannan aikin gayya ne da turanci.

Mu ma sai muka haɗa tamu. Bayan an sallamo maman Ummi, na cire girman kai na faɗa a masallaci cewa muna buƙatar taimako. Matan da muke haɗuwa da mazajensu a Juma'a a Lanham, wata 'yar Maraɗi, wata 'yar zangon Kumasi, wata Bafulatanar Kamaru, suka tsara kwanaki, kowace da ranar kawo abinci har aka yi arba'in. Wata tsohuwa Ba'amurkiya da ke ƙasan benenmu ta riƙa karɓar Ummi awa ɗaya ranar Talata don mamanta ta yi wanka a natse. A laburaren garin akwai zaman karatu da waƙa na jarirai, inda sau da yawa nakan tarar da iyaye maza biyu ko uku. Da bazara ta shigo, hanyar da ta zagaye tafkin Buddy Attick, kusan kilomita biyu, ta zama wurin da nake sauke gajiyar aikin dare, Ummi na ƙirjina tana kallon agwagi.

Ba su kai mutum shidan Inna ba, amma sun kai huɗu. Kuma da ban buɗe baki ba, da ba wanda ya sani, don a ƙasar nan ba a leƙa gidan mutum sai ya kira.

Ranar da ta cika shekara

Ummi ta zauna a wata shida, ta yi rarrafe a na takwas, ta kama kujera ta miƙe a na goma. Ranar da ta cika shekara muka kai ta aka yi mata rigakafin ƙyanda, da yamma muka kira gida ta bidiyo. Tana bayana a goye, don ta yi rigimar allura. Na manta ban sauke ta ba sai ga fuskar mahaifina a waya.

Na yi tsuru-tsuru. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Juyo mini da amaryata in gan ta." Na juya. Ya yi mata wasa, ta yi dariya, ta kai hannu za ta kama wayar. Kafin ya miƙa wa Inna sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kai, ka gyara majanyin nan, ya yi ƙasa." Har yanzu bai kira sunana ba, ban kuma sa ran zai kira ba. Amma mutumin da bai taɓa ɗaukata a gaban jama'a ba, ashe ya san inda majanyi ke zama.

In ka ji an yi haihuwa a cikin 'yan uwanmu na yankin nan, kada ka tsaya a saƙon barka ta waya. Ka je da kwanon abinci. Uwargida ta tambayi mai jego ko kanta na ciwo, ta karɓi jaririn ta ce mata ta je ta kwanta. Kai kuma ka ja angon ƙarnin gefe ka tambaye shi yaushe rabonsa da barci, kuma in ya ce "alhamdulillahi", ka sake tambaya.